Hitar da Kawu Ya Haƙa wa Tafki

Shekarar da aka turo ni koyarwa Mubi, gidan kawuna na sauka, a unguwar Yelwa. Yayan mahaifiyata ne. Ya yi rabin rayuwarsa a wani babban otal can kudu yana kula da injinan dafa ruwa, har ya yi ritaya ya dawo gida. Cikin waɗanda suka ajiye aiki tare da shi, wani ya taho da mota, wani da injin niƙa. Shi kuwa Kawu da hita ya taho. Ba irin 'yar sandar nan da ake tsomawa a bokiti ba, wani ƙaton akwatin ƙarfe ne da ya kai mini ƙugu, mai aiki da gas, da ya shekara da shekaru yana ɗumama ruwan tafkin ninƙaya na otal ɗin. Da aka tashi sabon gyara aka cire hitar za a yar, sai Kawu ya ce a ba shi. Ya ce a hannunsa ta tsufa, ba zai zuba ido 'yan gwangwan su farfasa ta ba.

Matsala ɗaya ce kawai: ba shi da tafki.

Matarsa, wadda duk muke kira Mama, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wanda ya sayi igiya ya dawo yana neman akuya ba sai mijinta. Kawu bai yi musu ba, ya nemo akuyar. Ya sa aka haƙa rami a bayan gida, daidai inda Mama ke shuka yakuwa da kuɓewa, aka yi masa siminti aka shafa shuɗin fenti, aka haɗa famfon da ke juya ruwa. Tafkin bai fi faɗin ɗakin kwana ba, zurfinsa kuwa iya ƙirji. Mama ba ta taɓa kiransa tafki ba, kwatarniya take ce masa.

Aka gama aikin a tsakiyar bazara, lokacin da ruwan randa ma sai ka hura kafin ka sha. Rana kaɗai ta ishi tafkin zafi. Dole Kawu ya haƙura ya jira sanyin ƙarshen shekara, kuma a wannan jiran ne ni na iso gidan.

Na tarar ana yaƙi a kan hitar. Mama na so a gina mata ɗaki da ƙofa saboda ɓarayi. Kawu ya ce ko bayan ransa. Ya zaunar da mu ya yi mana bayani: hayaƙin da take fitarwa ba a ganinsa, ba a jin warinsa, idan aka rufe ta a ɗaki mutum ya shiga, jiri zai fara ji, sai barci, daga nan sai labari. A fili za ta zauna, iska na dukanta ta ko'ina, kada kuma a jingina mata komai.

Mama ta ce, "To tunda a fili take, ai samanta ya yi daidai da shanyar barkono."

Kullum da safe ta baza barkononta a kai, kullum ya kwashe ya mayar kan tabarma. Haka suka yi ta yi har sanyi ya sauko.

Tun kafin ranar kunnawa Kawu ya raba mana muƙamai. Ni aka ba kwanon ruwan sabulu da soso: zan shafa kumfa a kowace mahaɗa, daga kan tukunyar gas, wadda ke tsaye can nesa a inuwa, har zuwa inda tiyo ya shiga jikin hitar. Idan na ga kumfa tana kumbura tana yin ƙwai, gas na tsiyaya ke nan, a tsaya. Mama aka naɗa ta Hanci, don tana iya sanin miyar da ake dafawa a layi na uku. Na ƙarshe shi ne maƙwabcinmu Alhaji, ɗan kasuwa mai sayar da atamfa, wanda ya taso daga Borno da iyalinsa ya zauna a Mubi, suka ƙulla abota da Kawu ta kan katanga. Alhaji bai iya ruwa ba, ba ya kuma sha'awar koyo, amma duk abin da ke da inji yana burge shi. Shi aka ba kashe gobara: jar tukunya mai feshi a dama, bokitin yashi a hagu. Da kansa ya ƙara da hular kwano ta babur, yana ɗora ta a kan hularsa ta zanna.

Mun yi atisaye har na gaji. Ni da na haura talatin, mai aji guda na ɗalibai da ke miƙewa idan na shigo, ga ni durƙushe ina shafa wa tiyo sabulu, Kawu na tsaye a kaina yana cewa, "Malama, kin tsallake ƙarƙashi. Gas ba ya jin kunyar fita ta ƙarƙashi."

Ranar Asabar ɗin da aka sa, da hantsi, kowa ya kama matsayinsa. Kawu ya buɗe tukunya a hankali. Na shafa kumfata, ba ta motsa ba. Ya juya wajen Mama.

"Madam, hanci."

Mama ta sunkuya kusa da ƙasa, don ya koya mana cewa wannan gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Ta shaƙa sau ɗaya ta ɗago fuska a yamutse.

"Akwai wari. Kamar ruɓaɓɓen ƙwai."

Abin da Kawu ya ce mana warin gas ke kama da shi ke nan. Nan take ya rufe tukunya ya ɗaga hannu sama.

"Kowa waje! Kada a taɓa makunnin lantarki, kada a ƙyasta ashana, kada a danna waya!"

Muka fita titi a jere, ni da kwanona, Mama da zani a hannu, Alhaji da hular kwano. Alhaji ya leƙa gidansa ya fito da nasa iyalin, har da mai tsakar wanka. Maƙwabta suka taru. Masu keke mai ƙafa uku suka fara tsayawa suna tambaya ko haihuwa aka yi ko rasuwa. Wata mai tuyar ƙosai a bakin layi ta yayyafa wa wutarta ruwa bisa umarnin Kawu, tana yi tana harararsa.

Da aka jima iska ta daki wurin, Kawu ya koma ciki da ni. Muka sake bin kowace mahaɗa da sabulu, babu komai. Amma warin na nan daram, tukunya kuwa a rufe. Ya tsaya yana sosa ƙeya. Sai ya durƙusa ya kwance murfin ƙasa na hitar, inda wutar ke ci.

Wata kaza ce ta yi sheƙa a ciki tun da damina, ta tara ciyawa da tsumma, ta saka ƙwai ta manta da su. Mama ba ta yi kuskure ba ko kaɗan. Ta ce kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kuma ruɓaɓɓen ƙwai ne.

Kawu ya fito da su a kan shebur, hannu a miƙe, ya nuna wa jama'a. Alhaji ya matso ya duba, ya ce wannan aikin wake-waken kazarsa ne, dama ya daɗe yana zargin tana da wani gida.

"Injiniya, ashe kai ka ɓoye mini dukiya."

"Ɗauki kayanka, Alhaji."

"A'a, na bar maka. Maƙwabtaka ai ta wuce haka."

Mutane suka watse suna dariya, amma Kawu ko a jikinsa. Ya ce da mun kunna wuta a kan wannan ciyawar, da yanzu wani zancen ake. Ya kwashe sauran yinin yana goge bakunan wuta da tsohon buroshin haƙori. A bututun hayaƙi kuma ya tarar zanzaro ya yi gini hawa-hawa, ya kankare shi tas.

Asabar ta gaba muka sake. Wannan karon hancin Mama bai ji komai ba sai daddawar gidan Alhaji. Kawu ya fara kunna famfo, ya tsaya har ya ga ruwa na dawowa cikin tafki da ƙarfi. Dokarsa ta farko ke nan: ruwa kafin wuta. Idan wuta na ci ruwa ba ya gudu a cikin bututu, abin da ke ciki zai tafasa ya nemi hanyar fita da kansa.

Sannan ya kwanta rigingine a gefe, fuskarsa nesa da ƙofar, ya danna wani maɓalli ya riƙe, ya miƙa doguwar ashana. Wata 'yar wuta kamar kan allura ta kama. Ita ce mai gadi, in ji shi, daga ita babbar wutar ke kamawa. Ya saki maɓallin, ta mutu.

Alhaji ya ce, "Sake ƙyastawa maza, tun tana da ɗumi."

Kawu ya mayar da maɓallin ya rufe, ya tashi zaune, ya nuna girarsa ta hagu. Tun ina yarinya na san rabinta babu gashi, na ɗauka haka aka haife shi.

"Ka ga wannan? Ina saurayi wani ya ce mini in sake ƙyastawa maza. Gas ɗin da bai kama ba yana nan kwance a ciki yana jiranka. Sai ka ba shi 'yan mintoci ya fita."

Muka zauna muna kallon akwatin ƙarfe kamar masu jiran likita. A karo na biyu mai gadi ta kama ta zauna. Kawu ya murɗa maɓallin, muka ji wani "bum" mai taushi, shuɗiyar wuta ta jeru reras. Ya ce shuɗi shi ne lafiya, idan ta koma rawaya tana baƙin hayaƙi a kashe. Alhaji ya yi kabbara, Mama ta ce haleluya, ni kuma na tafa da hannu mai sabulu.

Abin da Kawu bai gaya mana ba shi ne ruwan tafki ba ruwan shayi ba ne. Aka yi azahar, Alhaji ya je ya dawo. Aka ci abinci. Kawu na ta tsoma ma'aunin zafi yana dubawa, Mama na tsoma gwiwar hannu tana cewa ita da itace uku da tuni ta gama. Sai wajen la'asar ya ce ya yi.

Ya shiga ɗaki ya fito cikin wani gajeren wando mai zanen kifaye, da tawul a wuya. Ya sauka a hankali har ruwa ya kai masa ƙirji, ya lumshe ido ya yi wata ajiyar zuciya da ban taɓa jin irinta ba. Ya tokari bango da ƙafa don ya yi ninƙaya, kafin ya ɗaga hannu kansa ya isa ɗaya bangon. Ya juyo ya sake. Murna yake kamar an ba shi sarauta.

Yana cikin haka aka ɗauke wuta.

Famfo ya yi shiru. Hitar ba ta dogara da lantarki ba, amma akwai wani ɗan ƙarfe a cikinta da ya kamata ya kashe wutar da zarar ruwa ya daina gudu. Tsufa ya sa ya maƙale. Muka ji ƙwas, ƙwas, sannan dum, dum, dum, kamar an kulle makaɗi a cikin akwatin.

Ban taɓa sanin Kawu na da gudu ba. Ya yi tsalle ya fito daga ruwa yana ihu, "Ku ja baya!" ya nufi tukunyar gas ya murɗe ta. Wutar ta mutu, kiɗan ya fara lafawa, wani ɗan tururi ya taso ta gefe.

Alhaji kuwa ya yi makonni yana jiran ranarsa. Da ya ga tururi ya ɗauka hayaƙi ne. Ya fizgi jar tukunyar ya kasa zare fil ɗinta, ya yar, ya sungumi bokitin yashi ya watsa da iya ƙarfinsa. Hular kwano ta zamo ta rufe masa ido a daidai lokacin, Kawu kuma ya juyo ke nan. Yashin duka a kansa ya ƙare, ga shi jiƙe sharkaf. Ya tsaya hannuwa a buɗe, daga kai har ƙafa, kamar tsiren da aka birkita a ƙuli.

Alhaji ya ɗaga hula ya dube shi. "Injiniya, ka mutu?"

"Wutar ce ake tambaya ko ta mutu, Alhaji."

"To ta mutu?"

"Tun kafin ka iso."

Mama ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye, ta kasa miƙa masa tawul.

Washegari wani mai gyaran firiji da ya ji labari ya ba da shawarar a haɗe wayoyin ɗan ƙarfen nan kawai a huta da shi. Kawu ya raka shi har bakin ƙofa cikin ladabi. Ya cire tiyon gas ya kulle a ɗakinsa, ya ce hitar ba za ta sake ganin ashana ba sai an samo sabon ƙarfen. Wani tsohon abokin aikinsa ya aiko masa da shi daga kudu ana gab da Kirsimeti. Ya ɗaura, ya gwada ta hanyar kashe famfo da gangan, wutar ta mutu da kanta nan take. Ya gwada ya sake gwadawa har Mama ta ce zai ƙarar da gas ɗin wajen gwaji.

A makon ne mahaifiyar Mama ta iso daga ƙauyensu Betso a bayan babur don yin biki da mu. Kaka tsohuwa ce ƙanƙanuwa mai ciwon gwiwa, ba ta miƙewa sai da sanda. Hausarta irin ta mutanenmu na kan dutse ce, kowa namiji ne a bakinta. Ta zagaya bayan gida ta ga tafki yana ɗan tururi da safe, ta tsaya.

"Wannan ruwa, wuta yana ina?"

Na nuna mata akwatin. Ta ce ƙarya ne, ba itace ba toka. Ta zauna a baki ta tsoma yatsan ƙafa ɗaya. Can ta tsoma ƙafar duka. Kafin in je in dawo da shayinta, Kaka na cikin tafki da ɗaurin ƙirji, ta jingina da bango, ido a rufe.

Nan sabuwar matsala ta taso. Kawu ba zai tsaya da wandon kifaye a gaban surukarsa ba, ba zai kuma ɗaga ido ya dube ta tana cikin ruwa ba. Ga shi kuma dokarsa ce ba a barin hita tana ci babu mai kula. Sai ya sa aka kafa zana tsakanin tafki da inda yake zama, nesa da hitar yadda ko iska ta kaɗa ba za ta taɓa ta ba. Ya ɗauki kujera ya zauna ya ba tafkin baya, sanye da riga har wuya. Ni na zama 'yar aike.

"Malama, tsoma ma'auni ki gaya mini."

In tsoma in faɗa.

"Ya isa haka. Gaya wa Inna lokaci ya yi, ta fito ta huta ta sha ruwa. Daɗewa a ruwan ɗumi na sa jiri, balle ga babba."

In juya in faɗa wa Kaka, ko da yake ta ji da kunnenta.

"Gaya masa ba ni fita. Gaya masa ya ƙara wuta."

"Kawu, ta ce a ƙara wuta."

"Gaya mata wanka ake, ba farfesu ba."

Wannan ban isar ba.

Ranar Lahadi Kaka ta ba da labari a coci. Ranar Litinin ta dawo da ƙawaye, tsofaffi masu gwiwa da masu baya, kowace da zanin canji a leda. Suka jeru a cikin tafkin kafaɗa da kafaɗa suna waƙoƙin yabo da yarensu, suna tafa ruwa maimakon ganga. Kawu na bayan zana, ya zuba wa wutarsa ido. Da ya ga magana ba ta fitar da su, sai ya samo dabara: idan lokaci ya yi ya kashe hitar, ya bar famfo na gudu don bututun su huce, kamar yadda ya saba, ni kuma in fito da tiren shayi da ƙosai mai zafi in ajiye can nesa a ƙarƙashin mangwaro. Ƙamshin ƙosai ke fito da su ɗaya bayan ɗaya. Mama na riƙe hannun kowace a matakala, don Kawu ya ce wadda ta miƙe da sauri za ta ga duniya na juyawa.

Shi kansa bai sake shiga ba duk bikin. Kafin tsofaffi su tafi rana ta yi sanyi, ruwan ma haka. Alhaji ya leƙo ta katanga wata rana ya same shi a kujera.

"Injiniya, ashe asibiti ka buɗe?"

"Ni mai gadi ne kawai, Alhaji."

Gaskiya gwiwar Kaka ta yi sauƙi, ko ɗumin ne ko hirar, ban sani ba. Ranar da za ta koma ta ce ba za ta ci daɗi ita kaɗai ba, akwai wata ƙawarta a Betso da ko coci ba ta iya zuwa saboda ƙafa. Ta sa na cika mata jarka da ruwan tafki yana da ɗuminsa. Kawu ya yi ƙoƙarin bayani ta bakina, ta ce in gaya masa ya bar rowa. Ya ce to aƙalla a ja kunne kada kowa ya sha, akwai maganin tsabtace ruwa a ciki. Aka ɗaure jarkar a bayan babur, Kaka ta hau ta rungume sandarta, suka tafi.

Bayan sabuwar shekara mai babur ɗin ya biyo ta gidanmu da jarkar, cike kamar yadda ta tafi. Ya gaishe da Kawu ya sunkuyar da kai, ya ce an ba shi saƙo, kuma an ce ya faɗa yadda aka faɗa masa. Kaka ta ce da suka isa suka buɗe, ruwan ya yi sanyi ƙalau, ta ji kunya a gaban mutane. Ta ce a gaya wa surukinta ba wannan ta ce a zuba mata ba, ya karɓi abinsa ya aiko da na gaskiya.

Kawu ya kwance jarkar daga babur. Sannan ya ɗauke ta ya juye a tafki, ya shiga kicin ya ɗauko sabon fulas ɗin shayin Mama da ƙaramar tukunya, ya miƙa wa mai babur. Ya ce a gaya wa Inna ta ɗora ruwan rijiyarsu a murhu, ta surka har ya yi daidai da gwiwar hannu, ta zuba a fulas ta kai, ƙawarta ta jiƙa tawul ta gasa ƙafar. Mama ta biyo shi waje tana tambayar wa ya ba shi izinin fulas ɗinta, amma mai babur ya riga ya sha kwana.